Muhawara: gem ɗin matsugunai masu kishin juna a duniyar Mars, ta ina ake farawa?

Ɗan Kod: Assalamu alaikum 'yan gida. Ga tambaya ga masu ilimin abin. A ce mutum uku ko huɗu suna son haɗa gem na dabarun yaƙi irin wanda ba a jiran layi, kowa na ba da umarni a lokaci guda, dangin StarCraft da Age of Empires. Labarin shi ne matsugunan 'yan Adam biyu ko uku a duniyar Mars, kowa ba ya ga maciji da ɗan'uwansa. Wasa ɗaya minti 20 zuwa 25, mutum biyu zuwa huɗu ta intanet. Me ya kamata a fara yankewa kafin a zana ko da mota ɗaya?

'Yar Falaki: Wa alaikumus salam. Ku fara da tambayar da masu irin wannan aiki suka fi tsallakewa: a kan me ake faɗan? In amsar ita ce "ma'adinai masu ƙyalli" to kun sake yin tsohon gem ɗin Dune II na 1992 da jan fenti kawai. Mars kanta ta riga ta ba ku abin faɗa. Iskarta kusan kashi 95 cikin ɗari kabon dayoksaid ce, matsinta bai kai kashi 1 cikin ɗari na tamu ba. Hasken ranar da ke isa can bai kai rabin wanda muke samu ba, wajen kashi 43 cikin ɗari. Ruwa kuwa sai ƙanƙara, wadda take jibge a wasu wurare kamar ramin Korolev da ƙarƙashin filin Utopia Planitia, wasu wuraren kuma ƙurmus. Mutum ɗaya na shaƙar kimanin kilo 0.84 na oksijin a rana. In aka fasa kilo 9 na ruwa da lantarki ana samun kilo 8 na oksijin da kilo 1 na haidirojin. Ka ga ke nan matsugunin mutum 100 na cin kusan kilo 95 na ruwa kullum don numfashi kawai, ba a zo maganar sha da noma da man roka ba. Wanda ya riƙe ƙanƙara da wuta shi ke riƙe da maƙogwaron kowa. Gem ɗinku ke nan.

Sarkin Yaƙi: Malama, da girmamawa, wannan ai darasin kimiyya ne. Wanda ya buɗe irin wannan gem tankoki yake son gani suna farfasa juna. In kuka cika shi da lissafin iska zai kashe ya koma ƙwallo.

'Yar Falaki: Ban ce a cire tankoki ba, Sarki. Cewa na yi a ba su abin da za su kai wa hari wanda ya fi "rushe duk ginin abokin gaba" ma'ana. Bututun ruwa mai tsawo da ya taso daga ramin ƙanƙara zuwa gida, motoci uku sun isa su yanke shi. Mai sojoji 40 sai ya rarraba su gadin bututu, mai 15 ya samu ƙofa. Kuma akwai wanda ya gwada cire sojojin ɗungurungum ya ci nasara: Offworld Trading Company na 2016, wanda Soren Johnson ya tsara, shi ma a Mars, babu runduna ko ɗaya, ana cin wasa ne ta saye hannun jarin kishiya. Ba shi nake cewa ku kwaikwaya ba, hujja ce dai cewa tattalin arziki kaɗai na iya tayar wa mutum da jijiyar wuya.

Baban Dara: Ina bayan Malama, amma bari mu sauko da shi ƙasa da lambobi, don "ruwa da wuta" a baki kowa zai ce madalla. Albarkatu uku sun isa: ƙarfe, ruwa, wuta. Offworld yana da 13, amma shi kasuwa ce gaba ɗaya, ku kuna da yaƙi a kai. Oksijin kada ta zama abin da ake tarawa a asusu, ta zama ita ce iyakar yawan jama'a, kamar yadda StarCraft ya tsayar da iyaka a 200.

Ga lambobin farawa da za a iya gwadawa, ba wahayi ba ne. Kowa ya fara da motocin aiki 8 da ƙarfe 300. Mahaƙar ƙarfe kuɗinta 100, tana cin wuta 10, tana ba da ƙarfe 1 a sakan. Farantin sola kuɗinsa 60, yana ba da wuta 10. To a nan ake yin kuskuren farko: mai tsarawa sai ya rubuta cewa mahaƙa tana mayar da kuɗinta cikin sakan 100, alhali ba ta motsi sai da faranti. Ainihin kuɗinta 160, saboda haka sakan 160 ne, ban da lokacin gini. Wannan lamba, wato tsawon lokacin da jari ke dawowa, ita ce linzamin gem ɗin duka. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. In ta gaza sakan 60 babu mai hankalin da zai gina soja a minti biyar na farko, kowa haƙa zai yi ta yi. In ta haura minti huɗu babu mai faɗaɗawa, sai kowa ya kwashi abin da ke hannunsa ya auka wa maƙwabci. Tsakanin minti biyu da uku ne zaɓin ke da wuya, kuma zaɓi mai wuya shi ake nema.

Sai ƙanƙarar gida. A zuba mata ruwa 1,500. In ana jan 2 a sakan za ta ƙare a sakan 750, wato minti 12 da rabi, tsakiyar wasa ke nan. Daga nan dole a fita a ja bututu. Blizzard, kamfanin da ya yi StarCraft, ma sun yi irin wannan a Legacy of the Void na 2015, ƙari ne ga StarCraft II: suka rage abin da ke cikin rabin duwatsun ma'adinai na kowane sansani, suka kuma ɗaga ma'aikatan farawa daga 6 zuwa 12, don a daina zaman kashe wando a gida.

Ɗan Kod: Baba, biyan kuɗin fa? A cire duka a take, ko a riƙa tsiyaya?

Baban Dara: Makarantu biyu ne. StarCraft yana cire kuɗin duka lokacin da ka danna. Total Annihilation na 1997 da Supreme Commander na 2007 tsiyaya suke yi, gini na shan ƙarfe da wuta a hankali har ya kammala. Tsiyaya ta fi dacewa da labarinku amma tana da mugun tarko: sabon ɗan wasa ya aza gini shida lokaci guda, asusu ya koma sifili, komai ya riƙa rarrafe, shi kuma bai san dalili ba. Ku raba: ƙarfe a cire a take, kowa ya gane wannan. Wuta da ruwa su zama tsiyaya, a nuna su da lamba biyu kacal a saman allo, shiga da fita, kore in da rara, ja in da giɓi.

Injiniya Mai Saba: Ku yi haƙuri in katse muku hanzari. Duk wannan za a iya canza shi a teburin lissafi ko ana gobe za a saki gem. Abin da ba ya canzuwa shi ne yadda na'urori ke magana da juna, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Hanya biyu ce.

Ta farko, saba, wato kwamfutar tsakiya da kowa ke haɗuwa da ita, ta riƙe gaskiyar wasan tana aiko wa kowa inda kowace mota take. Lissafa: motoci 300, kowace bait 20, sau 10 a sakan, bait 60,000 ke nan a sakan. A wasan minti 20 ya zama megabait 72 ga kowane ɗan wasa in ba a matse ba. Planetary Annihilation na 2014 wannan hanyar ya bi, amma da saba masu ƙarfi da ake biya duk wata.

Ta biyu ita ce taku ɗaya, wadda 'yan sana'ar ke kira lokstef. Ba a aika inda mota take, umarni kawai ake aikawa: "motoci kaza, ku je wuri kaza". Kowace na'ura tana lissafa wasan gaba ɗaya da kanta, kuma tunda umarnin iri ɗaya ne sakamakon ma ya zama iri ɗaya. Da haka Age of Empires na 1997 ya yi aiki a kan modem mai gudun kilobit 28.8 a sakan. Sun yanka lokaci zuwa zango-zango na kimanin milisakan 200, umarnin da ka bayar a zango na 1,000 sai a zango na 1,002 ake zartar da shi, kafin nan ya isa ga kowa. Mai danna umarni 120 a minti, biyu ke nan a sakan, wasansa duka ba zai ci megabait 2 ba. Ga mutanen da ke sayen data da lissafi, ban ga abin muhawara a nan ba.

Ɗan Kod: Jinkirin milisakan 400 ba zai sa gem ya yi nauyi a hannu ba?

Injiniya Mai Saba: Ana rufe shi da wayo. Da ka danna, nan take motar ta amsa da murya, alama ta fito a ƙasa, hasumiyar bindigarta ta fara juyawa. Duk wannan ado ne, ba ya cikin lissafi. Kafin kunne da ido su gama gamsuwa umarnin ya zartu. Sannan kada a kafe tsawon zangon, a riƙa auna layin wanda ya fi kowa rauni ana miƙa shi ko ana rage shi. Ku kuma sa ƙaramar saba a tsakiya mai karɓa tana rarrabawa, don layukan waya galibi suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, haɗa waya da waya kai tsaye yakan gagara.

Ciwon kan lokstef shi ne saɓani. In na'ura ɗaya ta ce harsashi ya samu, ɗayar ta ce ya kuskure da gashi ɗaya, bayan minti biyu kowa wasan daban yake bugawa, kowa na ganin shi ke cin nasara. Ruwa ba ya tsami banza, ga inda yake fitowa kusan kullum:

Na farko, lambobi masu ɗigo mai yawo, wato fulot, yadda kwamfuta ke riƙe lambobin da ba cikakku ba. Injin waya na ARM da na kwamfuta na x86 suna iya bambanta a lamba ta ƙarshe, musamman inda aka haɗe ninkawa da tarawa a umarni ɗaya, ko wajen lissafin kusurwa na sin da cos da kowane tsari ke da nasa ɗakin karatu. Magani: lambobi cikakku. Gem ɗin OpenRA yana raba kowane gida na taswira zuwa 1,024, gem ɗin 0 A.D. kuma yana amfani da kafaffen ɗigo. In kun ɗauki 16.16 a cikin bit 32, wato bit 16 kafin ɗigo da 16 bayansa, kuna da iyaka wajen 32,768 sama da ƙasa, da ƙanƙantar 1 bisa 65,536. Ku kula, ninka biyu daga cikinsu sai an bi ta bit 64, in ba haka ba lamba ta cika ta zube, mota ta ɓace ta ɓullo a ƙarshen taswira. Sin da cos a yi musu tebur.

Na biyu, ƙuri'a. Janareton lambobin sa'a guda ɗaya ne na lissafi, da lambar farawa ɗaya a kowace na'ura. Ranar da mai zane ya ɗebo lamba daga cikinsa don tartsatsin wuta, wanda na'urar da ba ta kallon wurin ba za ta zana ba, an rabu ke nan. Ado ya samu nasa janareton daban.

Na uku, jeri. In kuka zagaya motoci ta cikin rumbun da ba ya kiyaye tsari, wannan na'ura ta fara da mota ta 7, waccan ta fara da ta 12, wanda ya fara harbi ya bambanta. Kullum a jera su da lambar shaida.

Sannan kowane sakan kowace na'ura ta fitar da hatimin lissafi, wato gajeriyar lamba da ke taƙaita halin wasan, a gwama. Ranar da suka saɓa ku san bugun lissafin, wato takun lokacin, da abin ya faru, ba ku zauna kuna duba ba.

Mai Zane: Injiniya, to manhajojin haɗa gem irin su Godot ko Unity ba su da amfani ke nan?

Injiniya Mai Saba: Suna da shi, Hajiya, amma a matsayin madubi. Su zana, su yi sauti, su karɓi danni. Injin motsinsu na ciki da fulot yake aiki, kada ya taɓa lissafin wasa. Lissafin ya zama ɗaki daban da bai san akwai allo ba, yana bugawa sau 10 a sakan kamar na Supreme Commander, shi kuma allo yana cike tsakanin bugu da bugu don ido ya ga santsi. StarCraft II yana kai 22.4 a saurin da ake gasa da shi, amma ku ba ku buƙatar haka. Ladan wannan wahala biyu ne: maimaicin wasa kyauta, tunda jerin umarni ne kawai, sannan za ku iya sa kwamfuta ta buga wasa dubu da kanta cikin dare ba tare da zane ba.

Sarkin Yaƙi: In an ɗauke wuta ko layi ya yanke a minti na 18 fa? Wannan ai ba tambayar wasa ba ce a wurinmu.

Injiniya Mai Saba: Tambayar da ta fi kowace ke nan. Minti 18 bugu 10,800 ne. In lissafinku na iya gudu ninki 20 ba tare da zane ba, wanda ya dawo zai cim ma sauran cikin kusan minti ɗaya. In ba ya iya wannan gudun, sai a riƙa ajiye hoton halin wasa duk sakan 30, mai dawowa ya karɓi na ƙarshe ya ɗora. Amma wannan yana nufin duk wani abu da ke cikin lissafi dole ya iya rubutuwa ya karantu daidai, har da harsashin da ke sama. Tun ranar farko ake gina shi haka. A tsakanin nan kada a daskarar da sauran fiye da sakan 20, kwamfuta ta riƙe masa gida tana tsaro kawai. Aibin da ba shi da magani sosai shi ne leƙen asiri: tunda kowace na'ura ta san komai, mai wayo zai iya yaye duhun taswira. Wannan sai dai a kama shi a maimaici.

Baban Dara: Mu koma ga abin da Sarki ke so, faɗa. Akwai lissafin da Frederick Lanchester ya fitar a 1916: in kowa na iya harbin kowa daga nesa, ƙarfin runduna yana tafiya da yawanta sau kanta. Motoci 10 da 5 iri ɗaya, ba 5 ne za su rage wa mai goma ba. 100 a cire 25 saura 75, tushensa ya haura 8. Wato ya share su kaf ya yi asarar ɗaya ko biyu. 10 da 7 ma zai tsira da 7. Shi ya sa a irin waɗannan gem karo ɗaya ke yanke hukunci, sauran minti goman jana'iza ce kawai. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi.

Abubuwan da ke karya wannan lissafi su ne makamin da ke faɗa wa taro gaba ɗaya, mashigi mai ƙunci da ba ya barin duka su yi harbi tare, da tudu. Amma labarinku ya ba ku wanda ya fi su: batir. Kowace motar yaƙi ta ɗauki cajin sakan 150 a wajen da'irar turakun wutarku. In ya ƙare gudunta ya ragu da rabi, harbinta ma haka. Mai kai hari dole ya riƙa kafa turaku yana matsowa ko ya jawo motar caji, wadda ita ce abin farauta na farko. Mai gida kuwa a kan cajinsa yake faɗa. Babbar runduna ta koma mai dogon wuya.

Sarkin Yaƙi: Yanzu ka zo gidana. Amma kada a wuce gona da iri, in tsaro ya fi hari ƙarfi kowa zai gina ganuwa ya zauna.

Baban Dara: Shi ya sa ƙanƙarar gida ke ƙarewa a minti na 12. Ganuwa ba ta shayar da kowa.

Sulke kuma a yi shi na ragewa, ba na kaso ba. Harbi mai ƙarfin 6 a kan sulke 2 ya koma 4, an zabge kashi ɗaya cikin uku. Harbi mai ƙarfin 30 ya koma 28, ko a jikinsa. Da lamba ɗaya kun samu "wannan maganin wancan" ba tare da dogon tebur ba. Ku dai sa ƙasan da ba a wucewa, StarCraft ya sa rabin maki, don kada a samu motar da ba ta jin harbi sam.

'Yar Falaki: Akwai haɗari ɗaya a tsarin da na kawo, gara in faɗe shi da bakina. An yanke wuta, injin oksijin ya tsaya, mutane sun mutu, babu mai gyara wuta. Rami ne da ba a fitowa, kuma wanda ya faɗa sau biyu ba zai sake buɗe gem ɗin ba. Gyara uku. Kowane matsuguni ya samu tankin ajiya na sakan 90 bayan an yanke bututu, da agogo babba a allo, don wannan sakan 90 ɗin shi ne daɗin wasan. In tankin ya ƙare mutane kada su mutu, su shige mafaka, aiki ya tsaya. Sannan babban gida ya kasance da ƙaramin injin nukiliya da ba ya mutuwa, mai wuta 20, wanda zai riƙe mutum goma da motar gyara biyu. Ba ƙirƙira ba ce tsantsa, NASA ta gwada ƙaramin injin Kilopower a 2018, motocinta na bincike a Mars, Curiosity da Perseverance, ma da zafin fulutoniyam suke samun kusan wat 110 nasu. Kuma in wuta ta gaza, gem ya san wa zai fara ba: iska, sai tsaro, sai haƙa, masana'anta a ƙarshe.

In kuna son ginin gaggawa mai tsotso oksijin daga iska, shi ma yana da asali. Na'urar MOXIE da ke cikin Perseverance ta yi hakan sau 16 daga 2021 zuwa 2023, jimilla giram 122. Wannan bai kai numfashin mutum ɗaya na awa huɗu ba. To a gem ma ya zama haka: mai cin wuta da yawa, mai ba da kaɗan, na ranar wuya.

Mai Zane: Guguwar ƙura fa? Ita ce abin da na fi son zanawa, sama ta yi ja ta koma baƙa.

'Yar Falaki: Dole ta shiga. Ita ta kashe motar binciken NASA mai suna Opportunity, saƙonta na ƙarshe ya zo ranar 10 ga Yunin 2018, na'urar bincike InSight ma ƙurar da ta taru a farantanta ce ta ƙarasa ta a Disambar 2022. Duk mai sola a rufin gida ya san abin da hazon hunturu ke yi wa faranti, wannan ba ya buƙatar bayani ga 'yan wasanmu. Amma kada ta faɗo ba sallama. Sa'ar da ke zuwa kafin ka yanke shawara dabara ce, wadda ke zuwa bayan ka yanke zalunci ce. A sanar saura sakan 90, ta ɗauki minti biyu, sola ya faɗi zuwa kashi 20 cikin ɗari, nisan gani ya ragu da rabi.

Baban Dara: Bari in sa mata farashi. Mai faranti 10 yana da wuta 100, guguwa ta mayar da shi 20. Giɓin 80 sau sakan 120 ya zama 9,600. In batir ɗaya na ɗaukar 1,200 a kan ƙarfe 50, yana buƙatar 8, ƙarfe 400, kuma sai yana da rarar wutar da zai cika su tun kafin. Babban injin nukiliya a sa shi 600, wuta 60 ba yankewa, amma in aka fasa shi ya tafi da maƙwabtansa. Zaɓi na uku: kada ka sayi ko ɗaya, ka zuba 400 ɗin a motoci, ka kashe masana'antunka, ka shiga cikin ƙurar ka yanke bututun wanda ya ɓuya. Hanya uku, kowace da mai cin ta.

Ɗan Kod: Neman hanya fa? Dabarar A* mai lalubo hanya mafi kusa ta isa?

Injiniya Mai Saba: Ga mota ɗaya, ƙwarai. Taswira 256 sau 256 gida 65,536 ce. In mutum ya zaɓi motoci 100 ya danna can ƙarshe, A* sau 100 a bugu ɗaya zai sa waya ta yi tari. Yi taswirar kibiyoyi: lissafi ɗaya daga inda za a je, kowane gida ya samu kibiyar da ke nuna gida na gaba, duk motocin su bi. Supreme Commander 2 na 2010 ya yi suna da wannan. A yanka taswirar unguwa-unguwa, 16 sau 16, unguwa 256 ke nan, a fara neman hanya tsakanin unguwanni, sannan a zana kibiyoyi a waɗanda za a ratsa kawai. In an yi gini, unguwarsa kaɗai za a sake lissafawa. Motocin haƙa kuma ku bar su su ratsa juna in suna kan aiki. StarCraft na 1998 haka ya yi da ma'aikatansa bayan cunkoso ya gagari gyara, babu wanda ya yi ƙorafi.

Neman abokin harbi ma haka. Motoci 400 in kowace za ta duba kowace, gwaji 79,800 ne a bugu. Zuba su a akwatunan unguwa, kowace ta duba nata da na kewaye, kuma ba kowane bugu ba, sau biyu a sakan ya isa.

Mai Zane: Ni roƙona ɗaya: taswira shimfiɗaɗɗiya. Homeworld na 1999 ya yi sama da ƙasa, ya yi kyau ƙwarai, amma nuna wa jirgi tsawo da linzamin kwamfuta aiki ne, balle da yatsa. Planetary Annihilation ya yi duniyoyi masu zagaye, sai ka rasa gabas ana cin gidanka ta bayan ƙwallo. In ana son waya ta ɗauka, a yi ƙungiya-ƙungiya kamar Company of Heroes na 2006, ɗan wasa ya riƙe ƙungiya 8 zuwa 12, ba motoci ɗai-ɗai ba. Bututu kuma kada a sa mutum ya zana shi gida-gida. Ya taɓa mafari ya taɓa ƙarshe, gem ya ja layin, shi ya gyara lanƙwasa in ya so. Kuma ƙasar Mars ja ce, saboda haka ja da ruwan lemo sun haramta a launin ɓangarori. Shuɗi, fari, kore mai haske.

Sarkin Yaƙi: Ɓangarori nawa? Ni ina ganin huɗu: kamfani, gwamnati, 'yan tawaye, da na'urori masu tunani.

Baban Dara: Kwaɗayi mabuɗin wahala, Sarki. Ɓangare biyu karo uku ne za a daidaita, uku karo shida, huɗu karo goma. Blizzard da duk ma'aikatanta uku ta tsaya a kai, kuma ta shekara da shekaru tana gyaran lambobi. Mutum huɗu su fara da ɓangare ɗaya mai motoci shida, kowa ya buga da irinsa. In wannan bai yi daɗi ba, ƙarin ɓangare ba zai cece shi ba. Na biyu in ya zo, ya bambanta a doka ɗaya mai nauyi: na'urori ba sa shaƙar iska, ba ruwansu da ƙanƙara sosai, amma suna cin wuta ninki biyu, guguwa ta zama ajalinsu.

'Yar Falaki: Ga mai rubuta labarin kuma, yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar wata duniya, ta kuma hana kafa sansanin soja a kanta. Wannan ya ba ku dalilin da ya sa makaman duk kayan aiki ne da aka juya: motar haƙa mai harbin dutse, na'urar walda, jirgin awo. Saƙo tsakanin Mars da duniyarmu yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, damar harba roka kuma sai duk wata 26. Babu mai zuwa raba faɗa. Wata 26 ɗin a mayar da shi minti shida na wasa: roka ta sauko da kaya a fili tsakanin matsugunai, a sanar da wurin tun da wuri.

Baban Dara: Da sharaɗi. In kayan na wanda ya fi ƙarfi ne kullum, kun ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. In kuma gem na jefa shi kusa da wanda ke baya, 'yan gasa za su ce an yi coge. Tsaka-tsaki: wurin saukar ya fito daga ƙuri'ar da aka nuna wa kowa tun farkon wasa, kayan kuma su zama masu nauyi, sai motar dako ta ja su zuwa gida a hankali. Ɗauka daban, isarwa daban.

Ɗan Kod: To a jere, me za a yi a watan farko?

Baban Dara: Makon farko babu kwamfuta. Allon dara mai gida 30 ya yi kaɗan, a zana 12 sau 12 a kwali. Murafun kwalba su ne motoci, tsinken tsintsiya bututu, tsakuwa ƙanƙara, agogon waya na ƙara duk sakan 30 a matsayin zango. Abin da ake dubawa ɗaya ne: mutum ya taɓa barin sansanin kishiya ya tafi yankan tsinke da son ransa? In bai taɓa ba, bututun ya yi gajere ko tankin ajiyar ya yi girma, a rage shi zuwa zango biyu a sake.

Injiniya Mai Saba: Mako na biyu da na uku, murabba'ai masu launi suna yawo a na'ura biyu mabambanta, waya ɗaya kwamfuta ɗaya, hatimi na fitowa a gefen allo. A bar su awa ɗaya suna karɓar umarnin hauka daga janareton lambobin sa'a. In hatimin bai saɓa ba sai a kira Hajiya ta fara zane. Gwajin kuma a yi shi da layin waya na gaske da yamma lokacin cunkoso, a cire layin da gangan a minti na 10 a mayar, a ga ko mai dawowa zai cim ma sauran kafin tankinsa na sakan 90 ya ƙare.

Mai Zane: Ku dai aiko min girman gida ɗaya na taswira da faɗin babbar mota tun yanzu. In babbar ta fi mashigin da Baba ke so faɗi, taswirar kibiyoyi biyu za ku lissafa, ta ƙanana da ta manya.